Malama Sauda, Wadda Ta Shiga Gidajen da Ba Mu Shiga Ba

Malama Sauda ba ta fita da sassafe. Idan ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, sai ta share tsakar gida, ta zuba wa awakinta harawa, ta dama koko, ta nemi wuri ta zauna. Ta san matan Ɗorawar Tudu ba su da lokacin baƙo sai maza sun tafi gona, yara sun wuce makaranta, an sauke tukunyar ɗumame. Sai hantsi ya ɗaga take saka hijabi, ta rataya jakarta mai ɗauke da takardun tambayoyi da biro da 'yan ledoji, ta bi siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki. A wannan yanki na Makoda babu dajin da ya rage. Gona ce jikin gona, gida yana hango gida, shingen lalle ya raba na wane da na wane. Duk wanda ta gamu da shi sai ta tsaya sun gaisa, ta tambayi mai jiki, ta tambayi jariri.

In ta yi sallama a gida ba ta fara ciro takarda. Idan ta tarar ana ɓarar gyaɗa, sai ta jawo kujera 'yar tsuguno ta sa hannu. Idan suya ake yi, ta karɓi ludayin juyi. Sai hira ta yi nisa, sannan ta ce, "To, yau ma da aikin 'yan jami'a na zo. In kina da sarari mu yi, in babu na dawo gobe."

Haka ta yi shekara sama da ashirin. A bana ta ajiye jakar, saboda gwiwoyi sun ƙi, ido kuma ya fara hazo. Babu wanda ya shirya mata taron ban kwana, domin ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Masu bincike ne ke zuwa su ɗauke ta aiki na wata biyu ko uku, su gama su tafi. Shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta wannan, ni da na san abin da na samu ta hannunta.

Asalinta malamar firamare ce, kuma da yawa daga matan garin a ajinta suka koyi haɗa baƙi. Mijinta, marigayi Malam Khalilu, malamin gona ne. Shi ya fara haɗa ta da masu bincike, lokacin da wasu suka zo nazarin yadda ake adana hatsi, suka ga rabin abin da suke nema yana cikin gida a hannun mata, su kuma iyakarsu zaure. Bayan rasuwarsa ba ta daina ba. Ta taɓa ce min, "Duk lokacin da na ga motar jami'a ta kunno kai, sai in ji kamar Malam ne zai leƙo ya ce, Sauda, ga baƙinki."

Ni sunana Abdulrashid. Na je Ɗorawar Tudu ina ɗalibin digiri na uku a fannin kimiyyar abinci. Mutane da yawa suna zaton bincike shi ne mutum ya tara littattafai ya kwafo abin da ke ciki. Ba haka ba ne. Bincike tambaya ce wadda ba a riga an amsa ba, sai ka bi hanyar da wani ma zai iya bi bayanka ya duba ko gaskiya ka faɗa. Tawa tambayar ita ce: gyaɗar da mata ke yin mai da ƙuli-ƙuli da ita a gida, shin tana ɗauke da dafin nan da fumfuna ke bari, wanda masana ke kira afalatoksin? In tana ɗauke da shi, daga ina yake shigowa? Na shafe kusan shekara ina karanta abin da na gaba suka rubuta. Na kare tsarin aikina a gaban malamai, suka yi masa gyara son ransu. Wani kwamiti ya duba ya tabbatar ba zan cutar da kowa ba. Duk wannan na yi shi da kaina. Amma da na iso garin, na tsaya a ƙofar gida na farko, sai na ga iyakata ke nan. Daga nan sai Malama Sauda.

Gidajen da za a shiga ba zaɓa ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa, don kada mai bincike ya bi gidajen da suka yi masa daɗi. Da ƙuri'a ta fita babu gidan Mai Unguwa Usaini a ciki, mutumin da ya sauke ni, ya ba ni ɗaki. Ransa ya sosu.

Ya ce, "Malam Abdu, wato gyaɗar gidana ce ba ta kai ba?"

Na fara kame-kamen bayani, Malama Sauda ta karɓe ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in mace za ta ɗanɗana miya, ai juya tukunyar take yi tukuna, ba ta ɗebo ta sama inda mai ya taru. Gidanka saman tukunya ne. So ake a ji ta ko'ina."

Mai Unguwa ya yi dariya har da buga ƙafa, magana ta wuce.

Makonnin farko aiki ya tafi lafiya. Ni ina zaune a zaure a kan tabarma, ina jin ƙarar turmi da muryoyin mata daga ciki, ita tana can tana aikin. Kafin ta yi tambaya ko ɗaya sai ta karanta wa matar gida sharuɗɗa: kina da ikon ki ƙi, kina da ikon ki tsaya a tsakiya, kuma sunanki ba zai fita ba. Sannan ta tambayi inda aka sayo gyaɗar, yadda aka shanya ta, inda ake ajiye ta, ta ɗebi cikin tafi ta ƙulle a leda, ta rubuta lamba a jiki maimakon suna. In mace ta ce ba ta tuna ba, haka za ta rubuta: ba ta tuna ba. Ban taɓa ganin ta cike gurbi da abin da take zato ba, ko da kuwa ta san amsar, domin maƙwabciyarta ce.

Sai jita-jita ta taso daga kasuwar Makoda. Wani ya ce gyaɗar da ake ɗiba za a kai wa hukuma ne, a kafa hujja a hana mata sayar da man gida. Cikin kwana kaɗan magana ta game garin. Gidajen da jiya ake shimfiɗa mata tabarma, yau sai a aiko a ce matar gidan ba ta jin daɗi.

Wadda ta fito fili ta faɗa ita ce Mairo. Mairo mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take ciyar da su. Ina zaure na ji muryarta.

"Malama, ke kika koya min karatu, ba zan yi miki rashin kunya ba. Amma kaskon nan shi ne uban 'ya'yana yanzu. Ki ɗauki ledarki ki tafi."

Malama Sauda ta ce, "Kin yi daidai, Mairo. Haƙƙinki ne. Allah ya ba da kasuwa." Ta ɗauki jakarta ta fito.

Na kira malamin da ke duba aikina na faɗa masa. Ya ce ba a tilasta kowa, kuma ba a musanya gidan da ƙuri'a ta fitar da na maƙwabci. In waɗanda suka ƙi sun yi yawa, abin da aka tara ba zai wakilci garin ba, sai dai a sake sabon lale a wani wuri. Ma'ana, shekaruna biyu sun tafi. Na gaya wa Malama Sauda. Sai ta tambaye ni abu ɗaya.

"Malam Abdu, tsakaninka da Allah, akwai hannun masu hana sana'a a aikin nan?"

Na ce babu. Na nuna mata takardar kwamiti, na karanta mata inda aka rubuta wanda zai ga sakamakon da wanda ba zai gani ba.

Ta ce, "To shi ke nan. Ka bar min sauran."

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Hajiya Zakiyya, matar Mai Unguwa, ita ta ba da labarin, domin a gidanta mata ke taruwa karatun Islamiyya bayan la'asar. Ta ce ranar Malama Sauda ta zo da kwanon gyaɗa daga nata buhun. Da aka shafa fatiha ta miƙe, ta ɗebi gyaɗar a gaban kowa, ta ƙulle a leda.

Ta ce, "Wannan tawa ce. Ƙuri'a ba ta faɗo gidana ba, don haka ba za a haɗa ta cikin lissafinsu ba, amma na roƙa a gwada ta tare da taku. In hana sana'a ne, a fara da ni. Ban san abin da za a samo ba. Shi kansa yaron bai sani ba, da ya sani da bai zo ba. Alkawari ɗaya zan yi muku: duk abin da aka gano, mai daɗi ko marar daɗi, ni zan kawo muku shi da bakina, kowacce a ɗakinta, kafin wani ya ji a waje."

Ba duka suka yarda ba. Wasu sun tsaya a kan ƙinsu har ƙarshe, kuma ba ta sake taka gidajensu da jaka ba, sai da zumunci. Amma mafi yawa sun buɗe ƙofa. Mairo ce ta zo ƙarshe. Da kanta ta kawo tata gyaɗar gidan Malama Sauda, ta ce, "Don ke na yi, ba don jami'a ba."

Malama Sauda, ke ce kika jinginar da mutuncin da kika tara shekara da shekaru a kan aikin wani ɗalibi da ba ki haɗa komai da shi ba. Uwar baƙi, mai buɗe ƙofa da sallama. Mu muna da jami'ar da za mu koma, ke kuwa a garin za ki kwana, a garin za ki tashi, da matan za ki haɗu a gidan suna da gidan makoki.

Na kwashi ledojin na koma Kano ina cewa wata uku. Wata ukun nan sai da ya zama damina biyu. Na'urar gwajin ta lalace aka jira kayan gyara. Aka shiga yajin aiki aka rufe makaranta. Da aka gwada kashin farko, malamina ya ce a maimaita, domin sakamakon da aka samu sau ɗaya ba a gina magana a kansa. Haka bincike yake, tafiyarsa a hankali ce, kuma ba ya jin lallashi. Ina kiranta ina faɗa mata inda aka kwana. Kullum amsarta, "Allah ya sa a dace. Kada ka yi gaggawa ka kawo min abin da ba shi ba."

Ba ta taɓa gaya min abin da take sha ba. Daga baya na ji. Mata na tsokanarta a bakin rijiya, "Malama, gyaɗarmu ta haihu ne a birni?" Wasu suka ce an yi amfani da su an watsar, kamar yadda aka saba. Domin kafin ni masu bincike da yawa sun zo, sun yi tambayoyi, sun ɗauki hoto, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mai Unguwa ya ce ranar kasuwa takan zauna a gindin darbejiyar bakin titi, wai tana hutar da ƙafa, amma duk motar da ta tsaya sai ta ɗaga kai ta duba masu sauka.

Ranar da na sauka da sakamakon, ta dube ni ta ce, "Ka rame." Sannan ta ce, "Faɗa min tawa tukuna."

Tata ma akwai dafin a ciki, fiye da yadda ya kamata. Haka ta gidaje da yawa. Ya fi yawa a gyaɗar da aka shanya a ƙasa ba shimfiɗa, da wadda aka jingine buhunta a bango mai danshi, sannan ya fi ko'ina yawa a fasasshiyar gyaɗa mai araha, wadda masu ƙaramin jari ke saye. Masana sun daɗe da sanin cewa yawan cin dafin nan na tsawon lokaci yana iya taɓa hanta. Ni lambobi kawai nake gani a takarda. Ita ta san fuskar da ke bayan kowace lamba. Da ta kai kan wata lamba sai ta ajiye takardar a cinya.

Ta cika alkawari. Gida gida ta bi, kuma a kowane ɗaki da nata sakamakon take farawa. Ta bar gidan Mairo sai da ta gama da sauran. Ina zaune a zaure ina jira. Can sai ga ta ta fito, idonta ya kaɗa.

Ta ce, "Malam Abdu, mijin Mairo ciwon hanta ne ajalinsa. Tana tambaya, ko ƙulin da take ba shi ne ya kashe shi. Me bincikenka ya ce?"

Na ji kamar in ce a'a, ko don matar ta samu barci. Na ga ita ma abin da take so ta ji ke nan. Amma na ce, "Malama, binciken nan gyaɗa ya gwada, bai gwada mutum ba. Ciwon hanta yana da sababi da yawa. Ban sani ba. Babu wanda zai iya cewa shi ne, babu wanda zai iya cewa ba shi ba ne."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki. Mairo da kanta ta maimaita min abin da Malama ta faɗa mata, shekaru bayan haka. Ta ce mata, "Mairo, aikin nan bai yi wannan tambayar ba, don haka ba shi da amsarta, ni kuma ba zan ƙirƙiro miki ba. Abin da na sani shi ne kin ciyar da mijinki da abin da kike ci, da abin da ni ma nake ci, da zuciya ɗaya. Rai na Allah ne. Yanzu ga yaran nan, kuma yau mun san abin da jiya ba mu sani ba." Ta zauna da ita har aka kira la'asar. Ni ina zaure, ban taɓa jin nauyin aikina kamar ranar ba.

Mairo ba ta bar sana'a ba. Malama Sauda ta tara masu yin mai a tsakar gidanta, suka riƙa zama tare suna tsince gyaɗa kafin suya, suna fitar da baƙa da ƙanjamammiya da wadda ta yi fumfuna. Aka koma shanya a kan tabarma da buhu, aka ɗora buhunan ajiya a kan katako nesa da bango. Ribar ta ragu, kuma Mairo ba ta ɓoye cewa ta ji a jikinta ba. Bayan wasu shekaru wata ɗaliba, Sa'adiyya, ta zo ta sake gwaji don a ga ko tsincewar ta yi amfani. Ta samu dafin ya ragu sosai a mafi yawan gidajen da ke tsincewa, amma ba duka ba, kuma ba ta gano dalilin sauran ba. Haka ta rubuta, haka Malama Sauda ta kai wa mata, har da wurin da aka ce ba a sani ba.

A kundin digirina sunanta layi ɗaya ne a shafin godiya. Haka yake a kundin wasu da yawa da suka bi ta hannunta, masu nazarin taki, da na abincin yara, da na kiwon awaki. Yau wasunsu farfesoshi ne, wasu suna ƙasashen waje. Tana riƙe da sunan kowa. In na je gaishe ta sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya: wane ya yi aure? Wance ta gama? Wanda ba ya cin tuwon dawa fa, yana ina? Ba ta ƙorafi. Sai dai ta ce, "In ka gan su ka ce ina gaishe su. Ka ce ɗakin baƙi yana nan." Ni ma ina kewar kwanakin nan. Yanzu ofis nake zaune, ɗalibai ke fita su kawo min lambobi. Wani lokaci ina tsakiyar duba aikinsu sai in ji ƙamshin suyar gyaɗa a hancina, in tuna sanyin zaure, da takunta in ta fito tana gyara hijabi tana cewa, "Tashi mu je na gaba."

Bayan sallar layya na je na same ta a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, an shafa mata magani a gwiwa. Muka daɗe muna hira. Da zan tafi ta ce in dakata.

"Malam Abdu, ni ma ina da tambaya, in akwai ɗalibin da zai ɗauka. Gidajen nan da Sa'adiyya ta ce dafin bai ragu ba, na lura yawancinsu inji ɗaya suke kai niƙa. Ban ce shi ne ba, zato ne kawai. A zo a gwada."

Na ce in sha Allahu zan turo ɗalibi da kaka.

Ta yi murmushi, ta dubi ƙafafunta, ta ce, "To wa zai shigar masa gidajen?"

Har yanzu ina neman amsar wannan tambaya.

Malama Sauda, mun gode. Ke ce kika koya min cewa "ban sani ba" magana ce ta mutunci, kuma wanda ya ba ka amsa yana da haƙƙin ya ji abin da ka yi da ita. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya, ya jiƙan Malam Khalilu. Ku kuma 'yan'uwana masu bincike da kuka taɓa zama a zauren wani gari, ku koma ku gaida waɗanda suka shigar muku, ku kai musu abin da kuka samo da harshen da za su gane. 'Yan matanmu na karkara da suka yi karatu, ga aiki nan yana jira, kuma mai koyar da shi tana nan da ranta a Ɗorawar Tudu. Ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya faɗa muku yadda ake sallama.